Ɗan Haya a Ƙarƙashin Bonet

Asabar ce, tsakiyar hunturu, muna da ɗaurin aure a Gwarzo ƙarfe goma sha ɗaya. Na saka shaddata, na karya hula, na fito da makulli a hannu ina daka wa yara tsawa su yi sauri. Motar tana nan inda na bar ta a ƙarƙashin rumfar kwano, ta yi futu-futu da ƙura, har wani cikin yaran ya zana kifi da yatsa a gilashin baya. Na yi bismilla na murɗa makulli. Ta yi ƙugi sau biyu ta kama, sai kuma ta hau karkarwa kamar mai masassara. Sitiyari na rawa, madubi na rawa, 'yar fitilar nan mai hoton injin ta kawo a dashbod ta ƙi ɗaukewa. Na ba ta wuta, ta shaƙe. Na kunna fanka don in kore ƙurar ciki, sai wani wari ya daki hancina, warin da na sani sarai amma ban taɓa gamuwa da shi a mota ba: warin bayan buhuna a sito.

Uwargida tana tsaye da mayafi a kafaɗa. Ta sunkuyo ta taga, ta ja hanci sau ɗaya.

"Malam, wannan ai zarnin ɓera ne."

"Ɓera a mota? Me zai ci, ƙarfe?"

Ba ta tanka ba. Ta dai koma bakin baranda ta zauna, alamar ta riga ta san ba da wannan motar za mu Gwarzo ba.

Na ɗaga bonet. Abin da na fara gani ɓawon gyaɗa ne, an tara shi tsaf a wani ɗan kwari a kan murfin injin, kamar wanda ya ci ya share wurinsa. Kusa da batir ga totuwar masara an gwaigwaye ta tas. Ko'ina kashi ne baƙi-baƙi, sai ka ce an watsa ƙonanniyar shinkafa. Bargon nan kuma da ke manne a cikin bonet, mai tare zafi da ƙara, an yage masa wuri kamar faɗin tafi biyu, zarensa na reto. Na tsaya da babbar riga ina kallon ikon Allah. A motar haya muka je ranar, mun tarar an shafa fatiha ana rabon goro da alewa.

In za a faɗi gaskiya, laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwana biyu, kafin watan Yuli ya ƙare ta wuce 600, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Ni ma sai na bi sahun 'yan uwana ma'aikata, na jingine mota na koma Adaidaita Sahu. Da farko ina fita da ita Juma'a da Lahadi. Daga baya Juma'a kawai. Daga baya masallacin unguwa ya wadatar, sai ta yi sati uku, huɗu, ko ƙofarta ba a buɗe ba. Ina ta lissafin abin da nake ragewa ina jin kaina mai dabara. Da kaka ta yi, ƙanena ya aiko da buhu biyu na masara da ɗaya na gyaɗa daga gida. Sito ya cika, na ce a jingine su a rumfar mota tunda ruwa ya ɗauke. Buhun dusar tumaki ma can yake kwana. Wato da hannuna na haɗa wa baƙo ɗaki da madafi, tsakaninsu taku uku.

Mu a wurinmu mota mota ce, ko tana gudu ko tana tsaye. A wurin ɓera kuwa, duk abin da ya yi sati bai motsa ba gini ne. Kuma wane gini! Ta ƙasa a buɗe yake, taya ga ta nan kamar matakala. Ta sama rufin ƙarfe, ba ruwan shirwa, ba ruwan mujiya. Ciki lungu ne a kan lungu, ga duhu, ga soso da auduga na yin shimfiɗa. Ran da maigida ya ɗan fita ya dawo kuma, injin zai yi awanni yana ba da ɗumi a daren da mu kanmu muke neman bargo na biyu. Kusu yana iya kutsawa ta hudar da ba ta fi kaurin fensir ba, babban ɓera kuma inda babban yatsanka ya shiga ya ishe shi. Da ni ne shi, ni ma nan zan tare.

Litinin na kira bakanikena. Ya zo ya leƙa, ya saurari injin, ya girgiza kai. "Alhaji, fulogi biyu ba sa aiki, amma ba fulogin ba ne. Wannan ba layina ba ne, na mai wayarin ne." Ya kira wani a waya. Bayan la'asar ga shi a kan babur, siriri, da gilashin da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya, yaronsa a baya riƙe da jakar kayan aiki.

Ina son kallon mutumin da ya san aikinsa. Bai yi gaggawar kwance komai ba. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya jona 'yar kwamfutarsa, ya karanta abin da ta ce, ya cire ta ya mayar aljihu kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. Sai ya fito da ainihin makaminsa, ƙwan fitila ɗaya da aka haɗa da waya da tsinken ƙarfe. Ya maƙala bakin wayar a jikin batir, ya shiga taɓa nan, ya taɓa can. Inda ƙwan ya kawo ya wuce, inda ya ƙi ya tsaya. Daga nan ya ajiye shi ya koma bin damin wayoyin da yatsu, idonsa a rufe, kamar mai ɗori yana laluben karaya. Can bayan injin, inda ido ba ya kai wa, ya tsaya cak.

"Ga ta nan. Haska min, kai."

Yaron ya haska da wayarsa. Baƙin tiyon roba mai gurgura da ke rufe damin an ɓarke shi kamar tsawon ɗan yatsa. A ciki wayoyi ne sirara, ja, kore, ruwan ɗorawa, fari mai ratsin baƙi. Biyu an datse su gaba ɗaya, su ne masu kai wuta ga injekta biyu, shi ya sa injin mai tukunya huɗu yake ɗingishi da biyu. Uku kuma an feƙe musu roba kawai, jan ƙarfensu na ƙyalli tsirara, ɗaya saura ƙiris ta taɓa jikin injin.

Ya yanko guntun ya ɗora a tafin hannuna. "Duba da kyau, Alhaji. Ka ga layi biyu a jere? Haƙorinsa ke nan. Wannan ƙaramin ɓera ne. Da gafiya ce da ba ka ga aikin tsanaki haka ba, ita tsinkewa take ta ja ta tafi da shi."

Na daɗe ina juya guntun nan. Layukan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, santsi, kamar an yi da kurfin masassaƙi. Haƙoran gaban ɓera huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu, kusan milimita 2 zuwa 3 a kowane mako. Fuskarsu ta gaba tana da sinadarin ƙarfe, shi ne ke ba su launin nan kamar na mai cin goro, kuma ta fi bayansu tauri. Don haka bayan ne ke saurin cinyewa, bakin haƙorin kullum a wase yake. Ya fi dalma tauri, ya fi jan ƙarfe tauri, balle roba. Ɓera yana goga haƙoran da juna, yana kuma gwada su a kan duk abin da ya tare masa hanya. Ba lallai yunwa ce ta kai shi ga wayata ba, ga masara buhu biyu a gefe. Wayar ta gitta ne ta inda yake son wucewa, ko kuma ta yi masa kama da saiwa, irin wadda kakanninsa suke datsewa a rami. Ni na wuni ina jin kamar an ci amanata, shi ko yana gyaran ɗakinsa ne.

Mai wayarin yana da nasa bayanin. "Motocin yanzu ne, Alhaji. An ce da waken suya ake yin robar wayarsu, shi ya sa suke jin ƙanshi." Maganar tana da tushe, don ta kai har kotu. A 2016 wasu masu motoci sun kai kamfanin Toyota ƙara a Kalifoniya ta Amurka a kan haka. Kamfanin ya ce ɓarnar ɓera ba ta bar motar kowa ba, kuma bai ga hujjar kimiyya da ta nuna waken ne ke jawo su ba. A 2018 alƙali ya kori ƙarar, masu ƙara suka ɗaukaka. Ni dai na tuna tsohuwar Fijon mahaifina, wadda aka ƙera tun kafin wani ya yi tunanin haɗa wake da waya, ita ma an taɓa cinye mata wayar fitila a gareji. Bambancin shi ne, a waccan motar wayoyin ba su fi ka ƙirga da yatsu ba, kuma in ɗaya ta tsinke fitila ce kawai za ta mutu. Ta yanzu kuwa komai sai ya nemi izini daga burenbos: mai, wuta, iska, giya, har birki. Waya ɗaya mai kaurin tsinken tsintsiya ta isa ta zaunar da mota.

Ya ba ni zaɓi biyu. Ko a je Ƙofar Ruwa a nemo damin wayar gaba ɗaya, ɗan Beljiyam, a kwance rabin injin a sa, ko kuma a yi ƙari. Da ya faɗi kuɗin na farko sai na ji duk man da na yi ta ragewa wata da watanni ya tsiyaye a gabana. Na ce a yi ƙari.

A nan ne na gane darajar mutumin. Da yawa murɗe wayoyin kawai suke yi, su naɗa baƙin tef, su karɓi kuɗi. Wata biyu zafin injin ya narkar da gam ɗin tef, girgiza ta sassauta murɗin, mota ta riƙa ɗauke wuta a tsakiyar titi, ka yi ta canza fulogi da famfon mai a banza. Shi sai da ya yanke duk inda haƙori ya taɓa, ya nemo waya mai kauri ɗaya da ta asali, ya zura wa kowace 'yar rigar roba, ya haɗa bakin da dalma, ya ja rigar ta rufe, ya kanga mata ashana ta tsuke ta kama. Ɗaya bayan ɗaya, launi da launi. Yana yi yana magana ba tare da ya ɗago ba.

"Ka gode wa Allah da ta tsinke. Wadda ta tsinke ai ta yi maka sallama, ta ce ga ni. Wadda aka feƙe ita ce muguwa. Tana nan shiru sai ran da ta taɓa bodi. In kana da rabo fiyus ya ƙone. In wani ya taɓa ɗaura maka waya a madadin fiyus, to burenbos ne zai tafi, ko ka ga hayaƙi ta bonet. Ga busasshiyar ciyawa sun tara maka kusa da bututun salansa, ga tiyon mai. Me ya rage?"

Na ce, "Oga, bar faɗa."

Injin ya tashi lafiya lau, fitilar dashbod ta ɗauke. Amma warin na nan. Ya sa yaron ya kwance akwatin gaban kujerar mai zaman banza, inda nake ajiye takardun mota. Bayan akwatin akwai matatar iskar da ke shigowa ɗaki, abin da ban taɓa sanin motata tana da shi ba. Yaron ya zaro ta a hankali, sai ya yi tsalle baya ya ce, "La ilaha!"

Sheƙa ce dunƙulalliya kamar ƙwallon yara. Na gane bargon bonet a ciki. Na gane zaren buhun masara. Akwai shuɗin zare da uwargida ta ce na tsohon ɗankwalinta ne da ta daɗe tana nema, akwai gashin tunkiya, akwai ledar alewa. Sauran kuwa takarda ce, an yayyanka ta siri-siri kamar taliya. Na ɗauki wani guntu da tsinke na ga rabin lambar motata a jiki. Takardar inshora ce, ta dolen nan da muke biyan naira 15,000 tun farkon 2023 don mu nuna wa jami'an hanya. Ita dama ba ruwanta da abin da ya sami motarka, na wanda ka buge take biya. Wannan ne karo na farko da na ga ta yi wa wani mai rai amfani a gidana.

A tsakiyar sheƙar ga 'ya'ya bakwai, jajaye, ba gashi, ido a rufe, kowanne bai kai ɗan yatsana ba, suna motsi a kan juna.

Uwargida ta leƙo daga nesa ta ce, "Allah sarki. Ashe mai jego ce."

Tun Asabar nake cewa "shi", ina tsine masa. Cikin ɓera sati uku ne kacal. Wato a tsakanin fitata ta ƙarshe da ɗaurin auren Gwarzo ta samu wuri, ta yi shimfiɗa, ta haihu, ni ina can ina ciniki da mai Adaidaita a kan naira ɗari.

Yaron ya kai matatar bakinsa zai hure ta. Na riƙe hannunsa. Wannan kam ba abin wasa ba ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake kama mutum, kuma da rani ya fi tashi, daidai irin wannan lokaci. Bauchi da ke nan maƙwabtanmu tana cikin jihohin da ya fi addaba. Ni ban iya bambance ɓeran Lassa da wanda ba shi ba, yaron ma haka. Busasshen kashi in aka hure shi ko aka share, ƙura yake zama ya shiga hanci. Na sa aka kawo ruwan bilic aka yayyafa ko'ina ya jiƙa, muka sa leda a hannu muka kwashe, matatar kuma aka ƙone ta da sheƙar aka sayo sabuwa. Sai a lokacin na tuna ranar Asabar na kunna fanka har ƙarshe, yara uku a kujerar baya. Sati uku na yi ina taɓa goshinsu da asuba ba tare da na gaya wa uwarsu dalili ba. Allah ya tsare.

Abin da aka yi da 'ya'yan, maigadin layinmu ne ya ɗauke mana. Ban tambaye shi ba.

Da dare na kai labari majalisa, sai ga shi kowa likita ne. Wani ya ce kafur, a ƙulla a tsumma a rataya kusurwa huɗu. Wani ya ce garin barkono da baƙin mai. Wani ya ce a fesa fiya-fiya, na ce a injin da ke zafi, motar da yara ke shiga? Wani ya ce ɗansa ya sayo masa wata na'ura mai ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, tun da ya sa bai ƙara ganin ɓera ba, aka tambaye shi ko da yana gani, ya ce a'a. Wani dattijo ya sassauta murya ya ce in dai bincika, ɓera ba ya zaɓar motar mutum haka kawai. Sai wani ya tuno da Agustan 2017, lokacin da shugaba Buhari ya dawo daga jinyar sama da kwana 100 a Landan, kakakinsa Garba Shehu ya ce ɓeraye sun lalata kujeru da na'urar sanyaya ofishinsa, don haka daga gida zai riƙa aiki. Aka yi ta dariya, aka ce in fadar shugaban ƙasa ba ta tsira ba, wace ce rumfar kwanona. Malamin makarantar da ke cikinmu ya ce ai a 2025 shi Garba Shehun ya rubuta a littafinsa cewa kitsa zancen ya yi don a bar maganar lafiyar shugaban. Na ce to su nasu na baki ne, nawa kuwa ga guntun waya a aljihuna.

Mai barkono bai yi nisa da gaskiya ba. Kamfanin Honda da kansa yana sayar da wani tef mai hoton ɓera da aka cuɗa da sinadarin da ke sa barkono yaji, ana naɗe wayoyi da shi. Na Bature dai an sa shi a gam ya zauna, namu kuwa iska ɗaya ta hunturu ta kwashe. Kafur na gwada. Kwana biyu motar tana warin akwatin amarya, ran na uku na ga sabon kashi a kan batir, taku ɗaya daga ƙullin. Turawan ma ba su huta ba. A Jamus wata dabba ce mai kama da tunku take shiga injin, in ta ji warin ɗan uwanta sai ta huce a kan tiyo da waya, kamfanonin inshora na can suna biyan irin wannan ɓarna sama da sau 200,000 a shekara. Su dai ana biyan su.

Shinkafar ɓera kuwa, wadda ita kowa ya fi ambata, na ƙi ta. A gidan da ake da kaji da yaro mai rarrafe ba na ajiye abin da ya yi kama da abinci alhali ajali ne. Ban da haka, wanda ya ci ba a fili yake mutuwa ba, ɗakinsa yake komawa. Mai wayarin ya ba ni labarin motar da sai da suka sauke dashbod gaba ɗaya, wuni biyu, kafin su zaro gawa daga bututun iska, kuma mai ita ya yi wata yana tuƙi da gilashi a sauke.

Abin da ya yi aiki ba shi da daɗin faɗa a majalisa, don babu sirri a cikinsa. Masara da gyaɗa suka koma duro na ƙarfe mai murfi. Dusa ta koma bayan gida. Aka share rumfar, aka kwashe tsofaffin tayoyi da katakon da ke jingine da bango, don ɓera da bango yake tafiya, gashin bakinsa na shafarsa, ba ya son ratsa fili. Aka kai mota aka wanke injin, saboda fitsarin da suka bari alama ce ga na baya cewa nan gida ne. Mai wayarin ya toshe mashigar iska da ragar ƙarfe, irin ta taga amma mai kauri. Na sayo tarko biyu na ɗora a gindin tayoyin gaba. Baba maigadi ne ya hana ni ɗana su a daren farko. "Alhaji, ɓera ba ya yarda da sabon abu. Sa masa ƙuli-ƙuli ka bar shi ya ci kyauta kwana uku. Ran na huɗu ka ɗana." Haka aka yi. Cikin sati na kama huɗu. Ko uwar tana ciki, Allah masani.

Baba maigadin ne kuma ya koya min barbaɗa toka a kewayen tayoyi da magariba. Da safe kafin iska ta tashi sai in tsuguna in karanta. Sawun ɓera ƙanana ne, yatsu huɗu a gaba, biyar a baya, da jan layi a tsakiya inda wutsiya ta bi. Akwai na ƙadangare, akwai na kyankyaso kamar ɗinkin keke. Shekara goma sha ina gidan nan ban san yawan masu wucewa ta rumfata da dare ba.

Sai babban magani, mai ciwo: motar dole ta motsa. Duk bayan kwana biyu yanzu nakan tayar da ita, in zaga da ita ta bakin titi in dawo, in canza mata wurin tsayawa ko da taku biyar ne. Mai yana ƙonewa ba tare da na je ko'ina ba. Maƙwabta sun ɗauka wani wuri nake zuwa, har ana ɗaga min hannu ana a dawo lafiya.

Ana cikin haka autata ta dawo daga gidan kakarta da ɗan muzuru a kwali, baƙi mai farin wuya. Ban so ba da farko, amma uwargida ta ce, "Malam, kai da ka ciyar da ɓera wata uku, mage ce za ta gagare ka?" Ya girma a rumfar. Tun da ya fara kwana can, tokar safe ba ta nuna komai sai nasa sawun, dunƙule-dunƙule kamar an danna da babban yatsa. Na daina sayen ƙuli-ƙulin tarko.

Wata safiya cikin sanyin bana na fito zan yi zagayen nawa. Na zauna, na sa makulli, har na kama shi zan murɗa, sai na lura ban ga muzurun a kan katanga ba inda ya saba shan hantsi. Na fito na ɗaga bonet. Ga shi nan a naɗe a kan murfin injin, daidai ɗan kwarin da aka taɓa tara ɓawon gyaɗa, wutsiyarsa na reto a kan fanbel. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya yi hamma, bai ko motsa ba. Jikina ya yi sanyi da na tuna abin da fanbel zai yi wa wutsiyar nan.

Tun ranar, kafin in shiga mota sai na tsaya a gabanta na ƙwanƙwasa bonet sau uku da bayan hannu, in jira. Wani lokaci shiru. Wani lokaci in ji motsi, ya sulalo ta bayan taya, ya yi miƙa, ya wuce ba ko kallo. Rannan Baba maigadi ya gan ni a tsaye ina jira, makulli a hannu.

"Alhaji, sun amsa?"

Na ce, "Tukuna, Baba. Yana shiri."